Giladiyolas: Yadda manoman fure ke farautar irin da sanyi ba ya kashewa

A ƙarshen watan Oktoba na kowace shekara, lokacin da manoman Arewacin Najeriya ke shirin girbin dawa, masu noman furanni a jihar Michigan ta Amurka da kudancin Kanada da Jamus suna durƙushe a gonakinsu suna tono. Abin da suke tonowa shi ne dunƙulen saiwar wani fure mai suna giladiyolas, ɗaya bayan ɗaya, kafin ƙasa ta daskare. Wanda ya yi sakaci har sanyi ya riga shi, idan ya koma gonar a watan Afrilu ruɓaɓɓen abu zai tarar, kuma jarin shekara guda ya tafi ke nan.

Wannan aiki na tono da shanya da ajiya shi ne babban nauyin da ke kan mai noman giladiyolas a ƙasashen sanyi. Shi ya sa ƙananan manoma da ke sayar da yankakken fure a kasuwannin mako da shagunan ado suka daɗe suna cigiyar irin da za a bari a cikin ƙasa ya ƙetare hunturu da ransa. Cigiyar ta kai su tsofaffin kangaye da maƙabartu da tsaunukan Lesotho. Daga ƙarshe kuma ta dawo da su kan wani tsiro da ke fitowa da kansa a dazuzzukan Afirka, har da na Najeriya, wanda Hausawa ke kira rumana.

Furen takobi

Sunan giladiyolas ya samo asali ne daga kalmar Latin da ke nufin takobi, saboda ganyensa dogo ne, siriri, mai tsini. Furanninsa na jeruwa a gefe ɗaya na wata doguwar zangarniya, suna buɗewa daga ƙasa zuwa sama, kwana bayan kwana. Wannan ɗabi'a ce ta sa masu sayar da fure ke ƙaunarsa, domin kara ɗaya na iya yin mako guda ko fiye a cikin ruwa yana fitar da sabon fure.

Masana tsirrai sun ƙidaya nau'o'insa na daji kusan 300. Mafi yawansu a Afirka suke, musamman kudancinta, sai 'yan kaɗan a kewayen Bahar Rum da Turai da yammacin Asiya. Peter Goldblatt, masanin da ya fi kowa bin diddigin wannan dangi, ya wallafa littafi a kan nau'o'in tsakiyar Afirka a 1996, sannan shi da John Manning suka fitar da na kudancin Afirka a 1998.

Kasuwarsa ba ƙarama ba ce. A birnin Nijmegen na ƙasar Holan, inda ake tattakin kwana huɗu a kowane watan Yuli, masu tafiyar kilomita 30 zuwa 50 a kullum suna ƙarasa zangon ƙarshe ne a kan titin da ake yi wa laƙabi da Via Gladiola, jama'a na miƙa musu wannan fure. A Rasha, ranar 1 ga Satumba da ake komawa makaranta, yara kan riƙe shi su kai wa malamansu. A Indiya yana cikin furannin da aka fi nomawa don bukukuwa.

Dalilin da sanyi ke kashe shi

Mutane kan kira abin da ake shukawa albasa, amma idan aka yanka shi ba za a ga ɓawo a kan ɓawo ba. Dunƙule ne cike da abinci, ya fi kama da gwaza. Shekara ɗaya tak yake yi. Yayin da tsiron ke girma, tsohon dunƙulen na ƙarewa, sabo na haɗuwa a kansa, tare da ƙananan 'ya'ya a gindinsa masu girman wake ko gyaɗa. Idan aka shuka waɗannan 'ya'ya, sukan yi shekara biyu zuwa uku kafin su isa fitar da fure.

Dunƙulen na ɗauke da ruwa mai yawa. Idan ƙasar da ke kewaye da shi ta daskare, ruwan cikinsa ma ya daskare, ƙanƙara ta farfasa namansa. Da zarar ta narke sai ya zama laushi, ƙwayoyin cuta su ƙarasa shi. Manyan irin da ake gani a shaguna, masu tsayin da ya haura mita ɗaya da furanni ashirin ko fiye a kara guda, su ne suka fi rauni a nan. An shafe fiye da ƙarni ana zaɓensu don girman fure da kyawun launi, a hannun manoman da dama can suna tone su duk kaka, don haka babu wanda ya damu da juriyarsu.

Ma'aikatar Noma ta Amurka na da taswirar da ta kasa ƙasar zuwa shiyyoyi bisa tsananin sanyin da kowane wuri ke kaiwa a shekara, kuma ta sabunta ta a 2023. A shiyya ta 8, inda sanyi mafi tsanani ke tsayawa tsakanin digiri 7 da 12 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, manyan irin na iya kwana a ƙasa. A shiyya ta 7, inda yake kaiwa digiri 18 ƙasa da sifili, sai an lulluɓe su, kuma ko da haka caca ce. A shiyya ta 6 da ta 5, inda ake ganin digiri 23 har zuwa 29 ƙasa da sifili, dole a tone su. Manomin da ke waɗannan shiyyoyi na ƙarshe shi ne ke neman mafita.

Abin da tonon ke ci ba kaɗan ba ne. Ana tumɓuke tsiron kimanin mako shida bayan ya gama fure, a yanke ganyen, a shanya dunƙulen mako biyu zuwa uku a wuri mai ɗumi da iska, a ɓamɓare tsohon da ke manne a ƙasansa, a ware 'ya'yan, sannan a ajiye a ɗaki mai sanyin digiri 2 zuwa 7 har watanni biyar ko shida. Fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita goma, idan aka bar tazarar santimita 15, yana cin dunƙule kimanin 400. Mai irin wannan fili goma yana da dunƙule 4,000 da zai taɓa da hannunsa sau da yawa, a daidai lokacin da sauran aikin kaka ke jiransa.

Daga Afirka zuwa Ghent

Don a gane inda juriyar take, sai an koma tarihin yadda aka haɗa irin. A 1823, a gandun renon tsirrai na Colville da ke Chelsea a Landan, an yi barbara tsakanin nau'o'i biyu na Afirka ta Kudu, Gladiolus tristis da Gladiolus cardinalis. Zuriyar da ta fito gajera ce mai saurin fure, kuma daga gare ta ne aka samu dangin da ake kira Nanus a yau.

A 1837 wani mai kula da lambun wani basarake a garin Enghien na Beljiyam, mai suna Beddinghaus, ya haɗa Gladiolus dalenii da wani nau'in. Louis van Houtte, shahararren ɗan kasuwar tsirrai na birnin Ghent, ya saye su ya fitar da su kasuwa a 1841 da sunan gandavensis, wato na Ghent. Daga wannan zuriya manyan irin zamani suka faro. Shi kansa dalenii an raɗa masa suna ne don karrama Cornelius Dalen, shugaban lambun tsirrai na Rotterdam.

A ƙarshen shekarun 1870, Victor Lemoine na birnin Nancy a Faransa ya shigar da jinin wani nau'in, wanda yanzu ake kira Gladiolus papilio. Irin da ya fitar sun yi suna da ɗigon launi a maƙogwaron furen, da kuma jure sanyi fiye da na Ghent. A farkon shekarun 1900 kuma, lokacin da ake aikin gadar da ta ratsa kogin Zambezi a mafaɗar ruwan Victoria, an aika Ingila da wani siririn dalenii mai launin ruwan ɗorawa da ke tsirowa cikin feshin ruwan. Shi ya haifar da dangin Primulinus, masu fure mai lanƙwasa kamar hula, kuma shi ya ƙarfafa launin ruwan ɗorawa da na lemo a cikin irin lambu.

Abin lura a wannan tarihi shi ne cewa nau'o'in da suka kawo juriya sun fito ne daga gabashin Afirka ta Kudu da tuddan Drakensberg da Lesotho, inda ruwa ke sauka lokacin zafi, hunturu kuma ya zo da sanyi mai tsanani amma a bushe. Lesotho gaba ɗayanta tana sama da mita 1,000 daga matakin teku, ƙololuwarta kuma ta kai mita 3,482. Tsiron da ya saba da irin wannan wuri yana yin barci a busasshiyar ƙasa mai sanyi. Nau'o'in yankin Cape kuwa lokacin hunturu suke fitar da ganye domin a lokacin ne ruwansu ke sauka, don haka sanyi mai tsanani yakan same su a farke ya ƙone su.

Irin da suka nuna juriya

Na farko a jerin shi ne Gladiolus communis byzantinus, ɗan asalin yammacin Bahar Rum. Ana shuka shi da kaka, ya yi fure a ƙarshen Mayu zuwa Yuni, da launi shunayya mai ja sosai, tsayinsa tsakanin santimita 60 da 90. A tsibiran Scilly da ke kudu maso yammacin Ingila, an taɓa noma shi don kasuwa, yanzu kuma ya zama kamar ciyawa a gefen gonaki, babu mai tone shi. Ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya, RHS, ta ba shi lambar yabonta ta tsirran da suka cancanci shiga lambu. Matsalarsa ita ce jabu. Sau da yawa ana sayar da wani ɗan uwansa mai kodadden launi da ƙaramin fure a ƙarƙashin sunansa, mai saye ba zai gane ba sai bayan wata bakwai ko takwas.

Na biyu su ne zuriyar dalenii da aka tsinto a tsofaffin gidaje. Wanda ake kira 'Boone' ya samu sunansa daga wani gari a tsaunukan jihar North Carolina, inda aka gano shi yana fure a wani kango, shekaru bayan masu gidan sun tashi. Launinsa tsakanin ruwan ɗorawa da ruwan lemo yake. 'Carolina Primrose' ma daga wannan jiha ya fito, mai launin ruwan ɗorawa mai haske. Masu lambu a shiyya ta 6, wasu har ta 5, sun ba da labarin cewa suna dawowa duk shekara. Akwai kuma 'Atom', ja mai farin baki, wanda aka fitar a 1946, shi ma daga dangin Primulinus.

Na uku shi ne papilio da zuriyarsa, musamman 'Ruby' mai ja mai duhu. Papilio na bazuwa ta ƙarƙashin ƙasa, yana tura jijiya yana kafa sabon dunƙule nesa da uwarsa, har wasu na kukan ya cika musu fili. Launinsa na asali, gauraye da toka-toka da shunayya, ya samu karɓuwa a wurin masu shirya furen aure na zamani.

Na huɗu su ne dangin Nanus, irin su 'Nymph' da 'Prins Claus' da 'Charm' da 'Impressive'. Waɗannan ne 'yan kasuwa suka fi tallatawa da sunan masu jure sanyi. Gaskiyar ita ce juriyarsu matsakaiciya ce, kuma ta dogara da irin ƙasar da lulluɓin da aka yi musu. A can arewa maso gabashin Turai kuma akwai Gladiolus imbricatus, wanda ke tsirowa da kansa har a Estoniya. Babu shakka kan juriyarsa, sai dai furensa ƙanana ne, kuma a ƙasashe da dama doka ta hana tone shi daga daji.

Dukkan waɗannan sun fi manyan irin gajarta, furanninsu kuma ba su kai nasu yawa ba. Shekarun baya wannan aibi ne. Yanzu da masu saye suka fi son damin fure mai kama da wanda aka tsinko daga lambu, siririn kara mai fure bakwai ko goma ya fi shiga dami fiye da ƙaton da aka saba gani a wurin jana'iza.

Inda ake samun su

Gogaggun manoma ba su cika yarda da abin da aka rubuta a jikin leda ba. Hujjar da suka fi amincewa da ita ita ce tsiron da aka ga yana fitowa shekara da shekaru a lambun maƙwabci, ko a tsohuwar maƙabarta, ba tare da kowa ya tone shi ba. Irin wannan ya riga ya ci jarrabawar wurin. Ana neman izinin mai wuri, a ɗebi kaɗan, a bar sauran.

Bayan haka akwai ƙananan kamfanonin da suka ƙware wajen adana tsofaffin iri, kamar Old House Gardens da ke Ann Arbor a Michigan, da ƙungiyoyin masu sha'awa irin su North American Gladiolus Council da British Gladiolus Society, inda mambobi ke musayar iri. Muhimmancinsu ya wuce ciniki. An fitar da dubban sunaye na giladiyolas tun ƙarni na 19, kuma mafi yawansu sun ɓace, domin kowane suna tsiro ɗaya ne da ake yaɗawa ta dunƙule. Idan mutum na ƙarshe da ke riƙe da shi ya mutu, ko cuta ta shiga ɗakin ajiyarsa, ba a sake samunsa.

Wanda ya samu sabon iri yakan raba shi biyu. Rabi ya bari a ƙasa, rabi ya tone ya ajiye, ya kuma rubuta yawan da ya shuka da yawan da ya tsiro. Hunturu ɗaya ba ya isa hujja, domin wata shekara sanyin kan yi sauƙi, ko dusar ƙanƙara ta sauka da wuri ta rufe ƙasa kamar bargo. Sai bayan hunturu uku ake sanin na gaske.

Ruwa ya fi sanyi kisa

Darasin da tsaunukan Lesotho suka koyar shi ne cewa dunƙule na iya jure sanyi idan yana bushe. Wanda ke kwance a laka mai riƙe ruwa zai ruɓe ko da ƙasar ba ta daskare sosai ba. Don haka ake zaɓar jigawa ko gangare, ko a ɗaga kunya a gauraya ƙasar da yashi mai tsakuwa da ruɓaɓɓen taki. Wuri mai samun rana aƙalla awa shida a yini ake so, kuma gindin bangon da ke fuskantar rana ya fi fili ɗumi.

Zurfi ma na da tasiri. Wanda za a tone da kaka ana binne shi santimita 10 zuwa 15, amma wanda zai kwana a ƙasa ana kai shi 15 zuwa 20, domin saman ƙasa ne ke fara daskarewa. Zurfin na kuma taimaka wa karan ya tsaya ba tare da sanda ba. Tsiron da kansa na da wasu jijiyoyi masu tsukewa da ke jan sabon dunƙulen ƙasa, don kada ya riƙa hawowa sama shekara bayan shekara.

Idan sanyi ya kashe ganyen, sai a yanke shi a kwashe, a lulluɓe kunyar da busasshiyar ciyawa ko ganyen bishiya mai kaurin santimita 10 zuwa 15. Ana jira sai saman ƙasa ya fara tauri kafin a lulluɓe, don kada ɓeraye su mai da wurin gida. Da sanyi ya fara ja da baya sai a yaye lulluɓin, ƙasa ta sha rana.

Barin dunƙule a ƙasa na da nasa farashin. Mai tonewa na iya shuka kashi-kashi, duk mako biyu, ya samu fure tun daga Yuli har Satumba, tunda kowane kashi na ɗaukar kwana 70 zuwa 100 kafin ya yi fure. Wanda aka bari a ƙasa kuwa lokaci ɗaya yake tashi, ya yi fure cikin mako biyu ko uku ya gama. Shi ya sa masu dabara ke haɗa iri daban-daban: byzantinus a farko, Nanus ya biyo, zuriyar dalenii da papilio su rufe. Haka kuma tsiron kan cunkushe, sai an tone an rarraba duk shekara uku ko huɗu. Idan an cakuɗa launuka a kunya ɗaya, mai ƙarfin haihuwa zai danne sauran. Daga nan ne aka samu camfin cewa giladiyolas na sauya launi, alhali masu raunin ne suka mutu.

Cututtuka ma sun fi taruwa a ƙasar da ba a sauyawa. Babba cikinsu ita ce ruɓar da Fusarium ke haddasawa, wadda ke mai da ganye ruwan ɗorawa ta ruɓar da dunƙule, kuma tana daɗewa a ƙasa. Maganinta shi ne a tumɓuke mai ciwon a ƙone, a ƙaurace wa wurin na wasu shekaru. Akwai kuma wani ɗan mitsitsin ƙwaro, Thrips simplex, da ke ɓuya a cikin ganye da toho, ya bar zane fari-fari a jikin fure, wani lokaci ma furen ya ƙi buɗewa.

Yanka da kai wa kasuwa

Ana yanka ne da sassafe, lokacin da fure ɗaya zuwa uku na ƙasa suka nuna launi amma ba su gama buɗewa ba. Ƙa'idar da ta fi muhimmanci ga mai son tsironsa ya dawo ita ce ya bar aƙalla ganye huɗu. Ganyen ne ke ciyar da sabon dunƙulen, kuma dunƙulen da bai ƙoshi ba shi ne sanyi ke fara ɗauka. Mai kwaɗayin dogon kara da ya yanke har gindi ya ci ribar bana ya kashe ta baɗi.

Dole karan ya kasance a tsaye tun daga gona har shago. Idan aka kwantar da shi na 'yan awoyi, kansa zai lanƙwashe sama, kuma ba ya miƙewa. Ana ajiye shi a sanyin digiri 2 zuwa 5, ana kuma ƙara sukari a ruwan farko don furannin sama su samu ƙarfin buɗewa. Ruwan famfo mai sinadarin fuloraid na ƙona bakin ganye da furen, don haka wasu ke amfani da ruwan sama. Masu dabbobi su lura cewa dunƙulen na da guba ga karnuka da kyanwoyi da dawakai.

Rumana a gida

Gladiolus dalenii na cikin nau'o'in da suka fi yaɗuwa a nahiyar, daga Senegal zuwa Habasha, har Afirka ta Kudu da Madagaska. A Najeriya yana fitowa cikin ciyawa da damina, da fure ruwan lemo ko ruwan ɗorawa mai ɗigo-ɗigo, ya bushe da rani, dunƙulen ya kwana a ƙasa yana jiran ruwa. J. M. Dalziel, likitan da ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya rubuta sunan rumana, Yarabawa kuma na kiransa baka. Masu maganin gargajiya sun daɗe suna amfani da dunƙulensa, musamman wajen ciwon atini.

Wannan ba ya nufin rumanar Kaduna ko ta Filato za ta jure hunturun Kanada. Wanda aka kai Turai a ƙarni na 19 daga kudancin nahiyar ya fito, kuma tsiron da bai taɓa ganin ƙanƙara ba ba a ɗora masa wannan fata. Abin da ta riƙe shi ne wata juriyar daban: ta san zafi, ta san ruwan damina, ta san watannin fari. Waɗannan su ne ainihin abin da mai noman fure a Abuja ke fama da su.

Matsalar mai shuka giladiyolas a nan kishiyar ta Michigan ce. Dunƙulen irin lambu da aka tono yakan yi barci, kuma ana karya barcin ne da ajiya a wuri mai sanyi na wata biyu zuwa uku, abin da ke buƙatar wutar lantarki mai ɗorewa. Ruwan Agusta na ruɓar da shi idan ba a kan kunya mai tsayi yake ba, zafin Maris kuma na ƙona furen. A filayen arewacin Indiya ana shuka shi ne a Oktoba da Nuwamba ya yi fure lokacin sanyi, tsarin da ya yi daidai da noman rani a lokacin hunturunmu. Tudun Jos mai tsayin kimanin mita 1,200 da tsaunin Mambila da ya fi shi tsayi suna da yanayin da ya fi dacewa.

Ga ma'aikacin da aiki ya kai shi Holan ko Amurka ya ga dunƙule a shago yana sha'awar sakawa a jaka, akwai doka. Shigo da iri ko saiwa na buƙatar izinin Hukumar Killace Kayan Noma ta Najeriya, NAQS, da takardar shaidar lafiyar tsiro daga ƙasar da ya fito. Dalilin a bayyane yake. Cutar tsatsar giladiyolas, wadda asalinta kudancin Afirka ne, ta bulla a gonakin Florida a 2006, kuma hukumomin Amurka sun sha aiki wajen killacewa da lalata amfanin gona. Cuta na tafiya ta kowace fuska.

Najeriya na da cibiyoyin da wannan ya shafa. Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa, NIHORT, da aka kafa a Ibadan a 1975, na da furannin ado cikin ayyukanta. Cibiyar NACGRAB, ita ma a Ibadan, aikinta adana irin tsirran ƙasa ne. Tun 2021 kuma akwai dokar kare haƙƙin masu ƙirƙiro sabon iri. Turawa sun ɗauki dalenii sun gina masana'anta a kansa cikin shekara kusan 190, ta hanyar zaɓe da barbara da haƙuri. Irin wannan aiki a kan rumana, don samar da furen da zai jure zafin Abuja ba tare da ɗakin sanyi ba, zai fara ne da tattara ta daga wurare daban-daban a rubuta inda kowace ta fito, tun kafin gine-gine da noma da tonon masu magani su rage ta a dajin.